Namijin da ke haɗiye ƙwansa: nazarin kiwon kifin Betta na daji a wani gida a Katsina

Wani malamin kimiyya da ke koyarwa a makarantar sakandare cikin birnin Katsina, mazaunin wajen Ƙofar Ƙaura, ya shafe kusan rabin shekara yana fama da matsala guda. Yana da wasu ƙananan kifaye 'yan asalin tsibirin Borneo, irin da masana ke kira Betta channoides. Suna ci, suna da lafiya, suna saduwa, namijin yana ɗaukar ƙwai a bakinsa kamar yadda Allah ya halicce shi. Amma kwana biyu ko uku sai a wayi gari maƙogwaronsa ya saɓe, ya fito yana neman abinci. Ya haɗiye ƙwan ke nan. Haka aka yi ta yi tun daga ƙarshen hunturu har bazara ta kusa ƙarewa. Na bi lamarin tare da shi, kuma ina ganin duk mai sha'awar wannan kiwo a ƙasarmu ta zafi zai amfana da sanin inda gizo ya yi saƙar.

Galibin mutane in an ce Betta, wanda suka sani shi ne mai dogayen fuka-fukai masu launi da ake sayarwa cikin kwalba, wato Betta splendens na ƙasar Tailan. Shi wannan gidan kumfa yake yi a saman ruwa, ya jera ƙwai a ciki. Amma dangin nasu na da yawa, sun haura iri 70, kuma da dama daga cikinsu a baki suke renon ƙwai. Abin ba baƙo ba ne ga masuntanmu. Duk wanda ya taɓa kama karfasa a madatsar Ajiwa ko ta Zobe ya ga ta tofar da ƙwai ko 'ya'ya a cikin koma. Bambancin kawai, a karfasar da muka fi sani mace ce ke riƙo, a Betta kuwa aikin namiji ne.

Shi channoides sai a 1994 masana biyu, Maurice Kottelat da Peter Ng, suka bayyana shi a rubuce. Gidansa ƙananan ƙoramu ne na cikin kurmi a yankin kogin Mahakam, Kalimantan ta Gabas, ƙasar Indonesiya. Ruwan ba shi da zurfi, ganyaye sun ruɓe a ƙasansa har ya yi launin shayi, bishiyoyi sun rufe sama, rana ba ta dukansa. Ruwa ne mai laushi, ba gishirin ƙasa sosai a cikinsa, kuma mai ɗan tsami a ma'aunin pH. Kifin kansa bai wuce santimita 5 ba. Namijin in ya yi ado sai ya koma ja kamar jan bulo, bakin fuka-fukansa ya ɗauki baƙi da farin layi. Kamar tarwaɗa, yana da wata gaɓa a kansa da ke ba shi damar shaƙar iska daga saman ruwa.

Ta hannun wani dillalin kifin ado a Legas Malam ya samo su, matasa guda shida, aka sauke su a Kano, ya ɗauko su a mota. Damina ta ɗauke a lokacin. Ya zuba su a tankin gilashi mai cin lita 60 a falonsa, kusa da taga, da matatar soso da famfon iska. Hunturu bai ba shi wahala ba. Daren da sanyi ya tsananta yakan lulluɓe tankin da bargo, da yake ba kullum ake samun wutar da za ta riƙe hita ba. Cikin shidan, biyu suka ware kansu suka kori sauran zuwa lungu, shi kuma ya kwashe huɗun ya mai da su wani tanki.

Saduwar tasu abin kallo ce. Namijin yakan lanƙwashe jikinsa ya naɗe macen, su yi tsit na ɗan lokaci kamar sun suma. Ƙwan, farare manya, sai su zubo a kan fiffiken ƙasan cikinsa da ya yi musu kamar faifai. Macen ce ke fara farfaɗowa. Ta tsince su da baki, ta juyo ta fuskance shi, ta tofo ɗaya. In ya yi jinkiri ta sake cafkewa, ta sake tofowa, har sai ya kama. Sukan kwashe sa'o'i a haka. In an gama, haɓarsa ta kumbura, launinsa ya dushe, ya nemi duhu ya laɓe. Daga nan ba ci, sai juya ƙwai a baki, tsawon kwana 10 zuwa mako uku gwargwadon ɗumin ruwa. 'Yar Malam ce ta fara lura da hakan, ta ruga tana cewa, “Baba, zo ka gani, bakin shi ya kumbura, ko ciwo ne?”

Haɗiyar farko ba ta tayar wa kowa da hankali ba, kuma daidai ne. Sananne ne a wurin masu wannan kiwo cewa sabon namiji kan haɗiye ɗauka ta farko, wani lokaci har ta biyu, ko don rashin sabo ko don ƙwan ba su ɗauka ba. Ƙwan da bai ɗauka ba yakan lalace cikin 'yan kwanaki, kuma namiji ba ya ci gaba da riƙon abin da ya mutu. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ne Malam ya fara zargin kifin. “Ni dai na rasa mi ke damun shi,” in ji shi. “Ko dai mugun hali ne, in canza shi da wani?” Ya kuwa canza. Namiji na biyu ya yi abin da na farko ya yi, kusan a kwanaki iri ɗaya. Nan aka wanke kifin daga zargi, aka koma kan gidan.

Ruwa aka fara dubawa. Na bohol yake amfani da shi, wanda 'yan ga-ruwa ke kawowa. Butar shayin gidan ta riga ta ba da shaida, don cikinta ya yi farin ɓawo, haka ma gefen gilashin tankin inda ruwa ke ƙafewa. Da aka auna, pH ya haura 7, wato ba shi da tsami, na'urar TDS irin wadda masu gidan fiya wata ke riƙewa ta nuna narkakken gishirin ƙasa mai yawa. Babban channoides yana iya rayuwa a irin wannan ruwa, shi ya sa ake ruɗuwa. Ƙwai ne ba sa jurewa kamar iyayensu. Kifayen da suka fito daga baƙin ruwa mai laushi, ƙwansu ya fi ɗauka kuma ya fi tsira daga ruɓewa a ruwa mai laushi da ɗan tsami, inda ƙwayoyin cuta ba su cika yawa ba. Ga kuma wani haɗari da ba a gani da ido: amoniyar da ke fita daga kashin kifi da ragowar abinci ta fi zama guba idan pH ya hau, ta ƙara muni idan ruwa ya yi zafi.

Ruwan famfo bai zama mafita ba, saboda klorin da ake sa masa kamar kowane ruwan famfo, kuma ba kullum yake isa unguwar ba. Sai Malam ya je wani gidan fiya wata da ke da injin tacewa na RO, mai cire gishirin ƙasa daga ruwa, ya riƙa sayen ruwan a jarka kafin a ɗura shi a leda. Bai zuba shi zalla ba, don ruwan da ba komai a cikinsa pH ɗinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yakan surka da ɗan na bohol kaɗan. Bai kuma canza lokaci guda ba, kaɗan-kaɗan ya riƙa yi a duk mako. Ya ƙara da busasshen ganyen bishiyar da yara ke kira furut, Terminalia catappa, wadda ake samu a harabar wasu gidaje da makarantu. Wanda ya bushe a bishiya ya faɗo da kansa ake so, a wanke ƙura, a jefa uku ko huɗu. Ganyen nan shi ne dai wanda masu kiwon Betta a Turai da Amurka ke saye da kuɗi daga Asiya. Cikin kwanaki ruwan ya yi ja-ja, launin kifayen ya ƙara fitowa. Aka yi murna. Namijin ya sake ɗauka, ya ɗan daɗe fiye da da, ya sake haɗiyewa.

Sai maganar macen. A kwanakin farko ita ce mai gadi, tana korar duk abin da ya matso kusa da mijin. Amma ita tana ci, shi ba ya ci. Kafin ya gama riƙo cikinta ya sake cika da ƙwai, ta fara bin sa tana zungura. Namiji da yawa a nan suke sarewa, su haɗiye na bakinsu su karɓi sabo. Wanda ma ya daure ya kai ƙarshe, in ba a ba shi hutu ba, ɗauka biyu ko uku a jere na iya ramar da shi har lahira. Kamar mai jego yake, sai ya huta ya ci ya murmure kafin a sake maganar wani ciki. Abin da aka yi shi ne cire macen bayan kwana biyu ko uku, a hankali, da kofi ba da raga ba, kuma ita ake cirewa, ba a taɓa shi. Wasu masu kiwon kan haɗa mace ɗaya da maza biyu don nauyin ya rabu, amma a ƙaramin tanki raba su ya fi sauƙi.

A daidai lokacin aka gyara zancen hayaniya. Falo ne, ga talabijin, ga baƙi, ga yara masu ƙwanƙwasa gilashi. Kuma duk daren da aka ɗauke wuta, sai a haska tocilar waya a duba ko yana nan da ƙwansa. Mai ɗakin Malam ce ta faɗi gaskiyar da ta fi ta kowa: “Malam, kai ma da za a riƙa haska ka cikin dare haka, ai ba za ka zauna lafiya ba.” Aka rufe gefe uku na tankin da kwali, aka zuba fasassun tukwanen ƙasa da guntayen bututun roba don ya sami maɓoya, aka hana leƙe.

Duk da haka, a watan Afrilu da farkon Mayu, ba abin da ya tsaya. A nan ne lamarin ya fito fili, kuma a nan nake ganin asalin ciwon yake. Malam yana da ma'aunin zafi a tankin, amma da safe yake dubawa kafin ya tafi makaranta, ya ga digiri 28 ko 29 ya ce ba laifi. Da aka ce ya duba bayan la'asar, sai ga ruwa ya kai 33, wata rana ya wuce. Ba abin mamaki ba ne. A bazarar Katsina zafin waje kan haura digiri 40, ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa yakan riƙe zafin har tsakar dare, lita 60 ta ruwa ba ta da inda za ta gudu. Shi kuwa wannan kifi tsakanin 24 da 27 ya fi jin daɗi. Mutane kan ɗauka duk abin da ya fito daga ƙasa mai zafi zai so zafi. Borneo tana kan layin da ya raba duniya biyu, gaskiya ne, amma ƙoramar da ke ƙarƙashin kurmi, ana mata ruwan sama kusan duk shekara, ba ta san irin zafin Afrilunmu ba.

Abin da zafi ke yi wa namiji mai riƙo ta fuska biyu ne. Ruwa mai digiri 25 yana iya riƙe iskar oksijin kimanin miligiram 8 a lita. In ya kai 35 sai ta sauka ƙasa da 7. A lokaci guda kuma jikin kifin da na ƙwan suna ƙara gudu, buƙatarsu ta iska tana hawa. Uban yana da mafita, ya hau sama ya shaƙa. Ƙwan ba su da ita, da ruwan da yake kurkurawa ta bakinsa kawai suka dogara. Ga shi ba ya ci, ƙarfin da zai kai shi mako biyu yana ƙonewa da wuri. Idan famfon iska ya tsaya don an ɗauke wuta da tsakar rana, komai ya haɗu ke nan. A fahimtata yawancin ƙwan nan sun riga sun mutu kafin ya haɗiye su. Wani Alhaji mai gidan ƙyanƙyasar tarwaɗa, wanda Malam ke sayen ƙwan atimiya (wasu ƙananan halittun ruwan gishiri da ake ciyar da 'ya'yan kifi da su) a wurinsa, bai ma bari ya gama bayani ba. “Malam, mu ma a bazara ƙwai lalacewa yake in ba mu yi da asuba ba. Ruwanka ya yi zafi, shi ke nan.”

Sanyaya tanki a garin da wuta ba ta da tabbas ba ƙaramin aiki ba ne. Na'urar sanyaya ruwa ta fi ƙarfin albashin malami, kuma ko an saya sai da wuta. Ya gwada jefa gorar ƙanƙara, sai ya ga zafin yana faɗuwa da sauri ya sake hawa da sauri, wannan hawa da sauka kuwa ya fi tsayayyen zafi wahalar da kifi. Abin da ya yi aiki tsohuwar dabara ce ta randa. Iskarmu a bazara busasshiya ce, ruwan da ya ƙafe yana tafiya da zafi. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yi tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a 2000. Malam ya sauke tankin daga falo ya kai shi wani tsohon ɗakin ƙasa da ke bayan gidan, ya ajiye a dandamali kusa da ƙasa. Ya naɗe gefensa da buhun algarara wanda ake jiƙawa safe da rana, ya sa ƙaramar fanka mai aiki da sola tana busa saman ruwan, famfon iskar ma ya mai da shi kan batir.

Fankar ta zo da rigimarta. Waɗannan kifaye 'yan tsalle ne na gaske, ƙofar da ba ta wuce faɗin yatsa ba ta ishe su, kuma Malam ya riga ya tsinci ɗaya daga cikin huɗun can a bushe a ƙasa. Murfin gilashi kuwa yana hana ƙafewa, ya kulle zafi. Sai aka yi firam na katako aka ɗaure masa ragar gidan sauro sabuwa wadda ba a sa mata magani ba. Wannan sharaɗi ne babba, don maganin da ke jikin gidan sauron da ake rabawa yana kashe kifi, haka ma maganin feshi da na kunnawa, dole a nisanta su da ɗakin. Na biyu, abin da ke ƙafewa ruwa ne zalla, gishirin yana nan. Duk cikon da za a yi sai da ruwan RO, in ba haka ba an koma gidan jiya. Da waɗannan, zafin la'asar ya sauko da 'yan digiri, amma bai kai inda ake so ba. Shawarar da ta fi kowace amfani ita ce a daina haɗa su gaba ɗaya. Aka raba maza da mata, aka ci gaba da ciyar da su, aka jira damina.

Abinci bai yi wuya ba. Tana yankakkiya, gara, da 'ya'yan atimiya. Da ruwan farko ya sauka shinge ya fito, suka samu rabonsu. Tsutsar sauro suna sonta ƙwarai, amma ban goyi bayan a ajiye ruwa a gida don tara ta ba a garin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara duk damina. Wadda aka gani a kwatami mai tsabta a kwashe, a ba su nan take, iyakarta ke nan.

Damina ta kuma kawo ruwa kyauta. Ya bar ruwan farko-farko ya wanke ƙurar sama, sannan ya riƙa tara na baya a robobi a tsakar gida, ba ta indararon kwano ba saboda tsatsa da sinadarin kwanon. A watan Yuli, da zafin tankin ya tsaya wajen 26 zuwa 27 dare da rana, aka mai da macen wurin namiji na farko, wanda aka so a yar. Ya ɗauka. Aka cire ta. Ya shige cikin fasasshiyar tukunya, ba a ganin komai sai ƙyallin idonsa da motsin haɓarsa. Mako ya wuce. Wajen ƙarshen na biyu haɓar ta yi duhu, alamar 'ya'yan sun yi ido. Wata safiya aka ga ƙananan abubuwa baƙaƙe suna maƙale a ƙarƙashin ganyen furut. Bai sake su lokaci guda ba, ɗaya-ɗaya ya riƙa furzarwa har washegari. Ba su kai ashirin ba, kuma haka irin yake: daga 'yan kaɗan zuwa wajen 40 ne iyakarsa, ba dubbai kamar tarwaɗa ba. Sai dai suna fitowa da girmansu, a ranar suke fara cin 'ya'yan atimiya.

Da fitowarsu aka cire raga aka mai da murfin gilashi, domin gaɓar shaƙar iskar tana ginuwa ne a makonnin farko, kuma tana son iska mai ɗumi da laima tsakanin ruwa da murfi. Wanda ya sami 'ya'ya a hunturu ya fi kowa buƙatar kula da wannan, busasshiyar iskar Disamba ba ta yi musu daɗi. Uban bai taɓa su ba, amma an ɗauke shi zuwa wani tankin don ya ci ya huta. Daga baya wasu 'ya'yan suka fito da wani ƙyalli kamar an barbaɗa musu garin zinariya, suna matse fiffike. Cuta ce da aka sani tana addabar Betta na daji, wata ƙwaya ce mai suna Piscinoodinium. Aka rufe tankin ya yi duhu, aka sa gishiri kaɗan, aka ƙara yawan canjin ruwa. An rasa 'yan kaɗan, sauran suka tashi.

In aka jera abin da ya faru, gyaran ruwa ya ƙara wa riƙon kwanaki, cire mace da hana leƙe sun kawar da matsi, amma ba a ga ɗa ko ɗaya ba sai da zafi ya sauka ƙasa da 28 ya zauna. Don haka a Katsina ko Daura, wanda ba shi da ɗaki mai sanyi na dindindin, lokacin haɗa su daga tsakiyar damina ne zuwa kaka, sai kuma hunturu in yana da abin ɗumama ruwa. Daga Maris zuwa Mayu aikinsa kawai ya raya su. Da tun farko aka tambaye ni, da na ce ya fara da Betta simplex na lardin Krabi a Tailan, wanda asalinsa ruwan duwatsun farar ƙasa ne, don haka ruwan bohol bai dame shi ba, ko da yake shi ma ba ya son zafi. Betta macrostoma na Brunei da Sarawak a tsibirin Borneo kuwa, duk kyansa, ruwa mai sanyi ƙasa da 26 yake so, ban ga dalilin da za a kawo shi nan a azabtar ba.

Akwai abin da ya sa nake ganin wahalar ta cancanta. Kurmin da waɗannan kifaye ke zaune a Borneo da Sumatra yana ƙarewa, ana sare shi don katako da gonakin kwakwar manja, ana janye ruwan fadamunsa, gobara irin ta 1997 da ta 2015 ta cinye wani. Da yawansu a 'yan ƙoramu ƙalilan kawai ake samunsu a duk duniya. Duk wanda aka haifa a tanki ya rage buƙatar a kamo wani daga can. Shi ya sa Malam ya ƙi karɓar Betta albimarginata da dillalin ya yi masa tayi: sun yi kama da channoides ƙwarai, suna iya haɗuwa, kuma 'ya'yan gauraye ba su da amfani ga mai son adana iri.

Yanzu matasan suna tanki biyu a ɗakin ƙasar. Ya ba wani abokin aikinsa da ke Daura guda shida, da sharaɗin ya fara tanadin ruwa da ɗaki kafin ya zo ɗauka, don in wani abu ya sami gida ɗaya kada irin ya ƙare. Abin da ke gabansa shi ne samo wani namiji daga wani tushe daban kafin damina mai zuwa, tunda duk matasan da ke hannunsu 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ne, da kuma ƙara faifan sola ɗaya kafin Maris.